Jirgin Kapiten Halilu da Tamfol ɗin Zuwaira

Halilu ya dawo Kore Mairuwa daga Lome bayan an gama yankan hatsi, kamar yadda ya saba. Mutum ne mai sa'ar lokaci, bai taɓa kuskure ya iso gida ana noma ba. Ya sauka daga mota da jaka ɗaya, da wata farar hula mai baƙin baki irin ta masu tuƙa jirgin ruwa, da sabon suna. Duk wanda ya ce masa sannu da zuwa Halilu, sai ya tsaya ya gyara masa. Daga yau Kapiten ake cewa.

Ni katanga ɗaya ce tsakanina da shi, don haka na san abin da ya tarar a gida. Matarsa Zuwaira ce ta nome gonar bana, ita da 'yan matanta, da garmar shanun da yayanta ya ba ta aro. Allah kuma ya ba ta hatsi mai kyau. Sai dai rumbun gidan ya zube tun ruwan tsakiyar damina, shi ya sa dammunan suke jibge a tsakar gida, an lulluɓe su da wani ƙaton tamfol shuɗi, an danne gefensa da duwatsu. Abincin gidan na shekara ke nan gaba ɗaya, babu wani a wani wuri. Ta riga ta sayi dogon itacen turare ta jingina a bango, ta tara ƙasar gini. Abu ɗaya take jira daga mijinta, ya tada rumbu kafin ruwan ban kwana. Kowa a nan ya san halin damina in za ta tafi: sai an sake jiki an baje amfani, ta juyo da iska da ruwa ta zuba a kai.

"Rumbu na nan na jiranka, Malam," in ji ta, tun bai gama shan furar sauka ba.

"Zuwaira," ya ce yana share gemu, "mutumin da za shi ƙetare teku kika yi ma zancen rumbu?"

"Wace teku?"

"Teku guda ta. Ta Allah."

"To ita ta iya jira. Hatsi ba shi iyawa."

Ya gyara hula ya fita, da la'asar kuma ya baje shirinsa a teburin mai shayi na bakin tasha. Wai a Lome akwai wurin da Turawa da manyan masu kuɗi ke ɗaure jiragen ruwansu na shaƙatawa, a can yake aiki. Jiragen ba su shan mai. Dogon itace ne a tsakiya da ƙaton ƙyalle, iska ta cika ƙyallen ta tura. Patron ɗinsa, wato maigidansa, ya tsufa, yana so a kai masa jirginsa Barazil, ya duba duk Lome bai ga wanda zai amince wa ba sai Halilu. Matsalar ita ce lokaci ya ja. Iskar teku tana gab da juyawa, hadari yana tashi ba sallama, Turawa duk sun ɗaure jiragensu suna jiran baɗi.

"Su tsoro gare su," in ji shi. "Ni lokacin ga nika so. In teku ta kwanta, ko mace na ƙetare ta."

"In jirgin ya kihe hwa?" mai shayi ya tambaya.

"Kowa shi tsere, ban da ni. Doka ta. Kapiten ba shi barin jirgi nai."

Auwal direba, wanda ke kai albasa bakin ruwa, ya ajiye kofinsa.

"Ni dai ran da nib biya in gaishe ka, bisa benci nis same ka bakin get, kana buɗe ma motoci. Baya ma ka ba tekun."

"Wanda yas san teku ba shi kallon ta," in ji Halilu. "Baƙo ka kallo."

Da an bar shi a nan, da maganar ta mutu kamar sauran. Sai Jalaluddeen ya sa baki. Shi saurayi ne mai shagon cajin salula, ɗan Izala mai ɗangalallen wando, ba ya barin magana ta wuce ba hujja.

"Baba Halilu, mu hujja muka so. Ga tabki nan bayan gari. Ƙetare shi da iska mu gani, mu kuma mu raka ka tasha ran tahiya Barazil."

Tabkin namu yana cika da damina har ya haɗe da fadamar lambuna, wanda ke wancan ƙetaren sai ka gan shi ɗan mitsitsi. Tun muna yara ake ce mana ba shi da ƙasa, kuma akwai aljana Doguwa zaune a tsakiyarsa. Masu yarda da wannan da masu cewa shirka ce, duk zagaye shi suke yi. Halilu ya dubi Jalaluddeen, ya dubi jama'a, ya ga ba hanyar fita.

"Wanga ai kwano na," ya ce. "Amma tunda kun roƙa."

Kafin gari ya waye labari ya kai kunnen Mushe Tukur, wato Malam Tukur da Faransanci, tsohon ma'aikacin meri, ofishin magajin gari, da ya yi ritaya, wanda tun ranar da aka karɓe masa kujera yake neman wata. Ya zo da kwat da jaka a hammata, ya kafa komite na ƙetare tabki, ya naɗa kansa prezidan, ya naɗa Halilu mai kula da fannin ruwa. Ya yi bayani cewa wannan ci gaba ne, masu lambu za su huta da zagaye, baƙi za su zo daga Yamai kallo. Ya kuma yanke shawara, da murya ɗaya tasa, cewa prezidan ne zai zama fasinja na farko.

Aka tafi wurin Mahamadu mai walda. Ya haɗa tanon ƙarfe, wato gangunan zuba mai, guda huɗu, ya ɗora musu tsohuwar ƙofar shago, ya ce ga jirgi. Halilu ya zagaya shi yana girgiza kai.

"Ina ƙarhen ƙasa?"

"Wane ƙarhe?"

"Kowane jirgin ƙwarai yana da wani ƙarhe mai nauyi ƙarƙashi nai, dogo, mai kaihi. Shi ka hana shi kihewa. Da idona nig gani, ran da anka hiddo jirgin patron bisa tudu niw wanke shi."

"Ashe wanki kay yi?"

"Dubawa niy yi."

"Da soso?"

"Mahamadu, kai walda anka kawo ma, ba tambaya ba."

Aka duba duk garejin Mahamadu ba a ga ƙarfe mai wannan siffa ba. Halilu ya ce a ba shi ɗan lokaci. Ya dawo da garmar shanun surukinsa a kafaɗa, ya ce ga shi nan sak, Turawan ma daga nan suka kwaikwaya. Mahamadu ya ɗaga kafaɗa, ya liƙa garma a ƙarƙashin jirgi, bakinta yana kallon gaba. Washegari itacen turaren nan ma ya bi sahu, aka kafa shi a tsakiyar ƙofa.

"Ina iccen rumbu?" Zuwaira ta tambaya.

"Ya samu ƙarin girma."

"Garmar yayana hwa?"

"Tana aikin gwamnati. Komite ya ara."

Saura ƙyalle. Ya fara da babbar rigarsa ta Sallah, iska ta shiga ta wuya ta fita ta hannu. Ya gwada zanin gado, ya yage tun a garejin. Ya rataya asabari, Mahamadu ya tsaya a bayansa yana shan iska yana cewa madalla. Daga nan ne na fara ganinsa yana zagaya tulin hatsi da hannu a baya, yana shafa gefen tamfol. Zuwaira ma ta gani.

"Malam, ka ɗauki icce na yi kurum. Ka ɗauki garma na yi kurum. Tamfol ɗin ga shi na tsakaninmu da yunwa. In ka taɓa shi, ni da kai ta."

"Wa yac ce zan taɓa shi? Awo nika yi."

"Awon mi?"

"Na ilimi."

Ta ƙara duwatsu a gefen tamfol ɗin a gaban idonsa. Shi kuma ya je ya ɗinka buhunan taki ya ce wannan ma ya isa, sai dai jiran iska.

Nan aka shiga zancen yanayi, wanda ya fi ginin jirgin wahalar da gari. Kowace safiya Halilu zai fito bakin tabki, ya tsoma yatsa a baki, ya ɗaga shi sama, ya rufe ido. Sai ya sanar da ranar tashi. Ranar farko jama'a suka taru, ko ganye bai motsa ba, aka sha rana aka watse. Rana ta biyu iska ta zo, amma daga wancan ƙetaren, ta turo buhunan taki a fuskar Mushe Tukur yana tsakiyar jawabi, ɗinkin ya warware. Halilu ya ce ya san da haka, gwaji ne. A halin nan tabki yana ja da baya, kullum bakinsa yana ƙara nisa da inda aka ajiye jirgi.

Ganin ruwa yana gudu, sai ya koma roƙon hadari a fili. An fito sallar azahar, manoma suna duban gabas suna cewa Allah ya riƙe ruwan nan har a kwashe amfani, sai ga Halilu ya ɗaga hannu a ƙofar masallaci.

"Allah ka kawo muna hadari mai iska."

Ba wanda ya ce amin. Wani tsoho da wakensa ke baje a gona ya ɗaga sanda.

"Kai Halilu, hatsin mutane na waje."

"Baba, iskar nika so. Ruwan ku riƙe abinku."

"Tare suka tahowa, marar kunya. Ka taɓa ganin an raba su?"

"Bisa teku ana rabawa."

Jalaluddeen ya shiga tsakani da salularsa. Ya nuna wani hoton girgije mai walƙiya, ya ce meteyo, wato hasashen yanayi, ta nuna babban hadari ranar kasuwa da yamma, iska mai ƙarfi da ruwa a bayanta.

"Baba, se seriye, ba wasa nika yi ba. Kak ka shiga ruwa ran nan."

"Kai ba kai na ka hana mutane zuwa Lugu wurin 'yan duba ba?" in ji Halilu. "Ga ka kana duba cikin gilashi kana hwaɗin gobe."

"Wanga ilimi na, ba duba ba. Tauraron ɗan Adam ka gani."

"To ashe taurari kaka bi. Liman ya sani?"

Jalaluddeen ya buɗe baki ya fara jawo hujja, amma Halilu ya riga ya samu abin da yake so. A cikin duk bayanin kalma ɗaya ya ji, iska mai ƙarfi. Ya juya wurin jama'a ya ce lissafinsa ya nuna masa ranar kasuwa, kuma ya ji daɗi da salula ta yarda da shi.

Ranar kasuwa gari ya tashi da wani zafi mai danshi, irin wanda ke sa jaki ya ƙi tafiya. Zuwaira ta dubi sama, ta ƙara wa tamfol dutse, ta kwashi 'yan matanta suka tafi gona roron sauran wake kafin ruwa ya same shi. Bayan azahar gabas ta fara haɗa baƙi. Matata Sahura tana shanya, ta ji ana mirgina duwatsu a gidan maƙwabta, ta leƙa ta katanga. Halilu ne yake naɗe tamfol.

"Kapiten, mi kaka yi? Hadari na bisa."

"Shi nika jira. Kahin ɗigo guda shi sauka na tahi na komo. Ƙetare na kawai."

"Hatsin hwa?"

Ya ɗauko yagaggen zanin gadon nan ya shimfiɗa a saman tulin, bai rufe ko kusurwa ɗaya ba. Ya saɓa tamfol ya fita. Sahura ta jefar da wankinta ta kama hanyar gona da gudu, ni kuma na bi jama'a bakin tabki, don duk kasuwa can ta koma.

An kawo jirgin a kan amalanken shanu, garma tana leƙe ta ƙasa. Aka ɗaura tamfol a itace da igiyar guga. Mushe Tukur ya zo da kwat da lakkataye, ya sa aka ja zare tsakanin sanduna biyu, ya fara jawabi da Faransanci yana fassara wa kansa. Ya gode wa hukumomin da ba su zo ba ɗaya bayan ɗaya. Yana cikin tarihin sufuri sai iskar farko ta ɗauke masa zaren kafin ya yanka. Halilu ya ce lokaci ya yi. Samari suka tura jirgin ta wajen ramin masu bulo, inda ruwa ke da ɗan zurfi, aka ɗora prezidan a kan kujerar roba, Kapiten ya hau ya kama igiya.

Sai iskar gaske ta iso, mai ƙura da ƙamshin ruwa. Tamfol ya cika ya yi ciki, jirgi ya zabura. Zan faɗi gaskiya, abin ya tafi. Tano huɗu da ƙofar shago suna yanka ruwa, shuɗin tamfol a sama, baƙin hadari a baya. Jalaluddeen ya ɗaga salula yana ɗaukar hoto, Auwal direba ya ce ashe dai mutumin nan ya koyo wani abu. Halilu ya saki igiya da hannu ɗaya ya sara mana irin ta soja.

Daidai nan garma ta samu ƙasa. Muka ga jirgin ya yi tsalle kamar an ja masa birki, kujerar prezidan ta tafi gaba ba tare da shi ba. Iska ba ta daina turawa ba, garma kuma ba ta san wani aiki ba sai nata. Ta nutsa baki a laka ta fara huɗa. Jirgi yana jan jiki yana gurnani, baƙar laka tana tasowa a bayansa a miƙe, kunya guda mai kyau. Tsohon nan mai sanda ya dafa kafaɗata ya ce yau shekara nawa yana jiran ya ga Halilu a bayan garma, sai ga shi a samanta.

A tsakiyar tabki garma ta ci wani abu ta tsaya. Jirgin ya juya a wuri ɗaya, ya karkata, tano biyu suka ɗaga sama. Farar hular ta tashi, ta faɗa ruwa ta kama hanyar ƙetare ita kaɗai. Halilu ya rungume itacen turare da hannu da ƙafa, Mushe Tukur ya rungume Halilu. Iska tana kaɗawa tana juyawa, tana kawo mana maganarsu guntu-guntu.

"Kapiten, yi wani abu."

"Ina yi."

"Mi kaka yi?"

"Ina riƙe jirgi."

"Ka iya ruwa? In mun hwaɗa ka hidda ni?"

"Mushe, ni ban taɓa shiga ruwan da yaw wuce bokiti ba."

"Lome hwa?"

"Ƙohwa nika buɗewa."

Auwal direba ya juya ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya. Daga can Mushe Tukur ya fara sanar da murabus ɗinsa daga komite, Halilu kuma yana kiran a nemo masu kashe gobara daga Dogon Dutsi, yana haɗawa da kalmar shahada da sunan Doguwa, kowa ya ba shi haƙuri. A bakin ruwa aka shiga shawara. Wasu suka ce a jefa igiya, igiya ba ta kai ba. Wasu suka ce a nemo wanda ya iya ruwa, aka rasa. Aka ce wa Jalaluddeen tunda shi ya ce ba Doguwa, ya shiga. Ya ce lallai babu, amma salular mutane na aljihunsa.

Ana cikin haka jama'a suka dare. Zuwaira ce, ba ɗankwali, ƙafafunta duk ƙaya da ƙurar gona, tana haki. Ba ta dubi kowa ba. Ta dubi tamfol ɗinta a tsakiyar tabki, ta dubi gabas inda ruwan ya riga ya tsinke a kan gonakin nesa. Ta ɗaure zani ta kauce wa ramin masu bulo, ta shiga ruwa.

Mata suka fara salati, wani ya ce a riƙe ta. Ruwa ya kai mata idon sawu, ya kai ƙwauri, ya kai gwiwa. Muna jiran ta nutse. Ta ci gaba da tafiya tana cire ƙafa daga laka, ruwa ya taɓa cinyarta, daga nan bai ƙara ba. Tabkin da aka tsorata mu da shi tun muna yara, ga mace tana taka tsakiyarsa. Daga baya Sahura ta tambaye ta ko ta san zurfinsa, ta ce ita ba ta san komai ba, hatsinta ta tuna.

Da ta isa, Halilu ya saki hannu ɗaya ya miƙa mata.

"Zuwaira, Allah shi yi miki albarka. Kama ni a hankali."

Ta wuce hannun. Ta kama igiyar guga ta kwance ƙulli ɗaya bayan ɗaya, ta finciko tamfol, ta naɗe shi a kan ɗaya daga tanon da suka ɗaga, ta ɗora a ka.

"Mushe," ta ce, "sauka ka taka. Ƙasa na nan."

Mushe Tukur ya zura ƙafa ɗaya da takalmi, ya ji laka, ya miƙe tsaye. Ya gyara lakkataye ya bi bayanta yana ɗaga gefen kwat.

"Ni hwa?" in ji Halilu.

"Kai kapiten na. Kapiten ba shi barin jirgi nai, duk gari ya ji ka. In ka tashi tahowa, ka taho da garmar yayana da iccen rumbuna."

Dariyar da aka yi a bakin tabkin nan ba ta daɗe ba, don ɗigon farko ya sauka Zuwaira ba ta gama fitowa ba. Ta fito da gudu, tamfol a ka, mata suka rufa mata baya, mu ma muka bi. Tsakanin tabki da unguwarmu akwai tafiya, ruwan kuma bai jira kowa ba. Muka tarar 'yan matanta sun riga mu zuwa daga gona, sun kwanta a kan tulin hatsin da tabarmi da tasoshi, zanin gadon yana can a kan katangata. Aka ja tamfol aka rufe, aka danne. Amma saman tulin da duk gefen gabas sun riga sun sha ruwa. Zuwaira ta zura hannu a cikin wani dami ta zaro zangarniya tana ɗiga, ta tsaya a cikin ruwan tana kallonta, sai hawaye. Ban taɓa ganin matar nan ta yi kuka ba sai ranar, kuma na ji haushin Halilu har wuya, na ji haushin kaina da na tsaya kallo.

Shi kuwa sai gab da magariba ya shigo gari, laka har ƙugu, ba hula, itacen turare a kafaɗa ɗaya, Mahamadu yana taya shi jan garma. Ya bi ta gaban teburin mai shayi, don ba wata hanya.

"Kapiten, ya Barazil?" in ji Auwal.

"Lokaci ya wuce. Iska ta juya. Na hwaɗa muku tun hwarko."

"Mu raka ka tasha yaushe?" Jalaluddeen ya tambaya.

Bai ji wannan ba, ko ya ji ya ƙara sauri.

Da rana ta fito aka baje dammunan da suka jiƙe. Wasu sun bushe, da yawa sun yi baƙi sun kama wari, wasu har sun fara tsiro. Zuwaira ta dube su ta ce kafin wata damina sai ta sayar da akuyarta. Ta ware su gefe guda, ta yagi zanin gadon nan ta ɗaura wa kowane ƙyalle. Rumbu kuma ya tashi cikin 'yan kwanaki. Halilu ne ya gina shi, ba komite ba jawabi, tana tsaye a kansa.

Ranar da aka zuba hatsi a rumbu na shiga yi musu barka, na tarar ana rabon tuwo. Tukunya biyu na gani a murhu. Aka ajiye wa 'yan mata nasu fari tas, aka ba ni nawa daga ciki. Aka ajiye wa Halilu wata malmala mai launin toka, tsaminta ya riga ta isowa.

"Wanga mi na?" ya tambaya.

"Tuwo na. Na hatsin da yas sha ruwa. Ai kai mutumin ruwa na."

"Har yaushe?"

Ta nuna masa dammuna masu ƙyalle da ke jingine a bango.

"In ka cinye su, ka komo tukunyarmu."

Halilu ya dubi tulin tun daga ƙasa har inda ya kusa kai kan katanga. Ya dube ni, na sunkuyar da kai a kan nawa kwanon. Ya tsoma yatsa a ruwan wanke hannu, wannan karon bai ɗaga shi sama ba. Ya gutsuri loma.